Shekarar da Na Zauna Aji Ɗaya da Balkisa

Ku jikokina, musamman ku 'ya'yan Balkisa, na gaji da jin ana cewa kakarku ta tuba ta bar fim. Har a wurin suna na ji wata tana faɗa wa ƙawarta haka, ina zaune a bayanta da ludayin fura a hannu, saura kaɗan in kwaɗa mata shi. Ban tuba ba, don ban yi abin tuba ba. Na shiga fim da sanin ubana, na fita da ƙafata, kuma ba wa'azin kowa ne ya fitar da ni ba. Ku kun buɗi ido kun gan ni da farar riga a matanite, asibitin haihuwa, ina karɓar jarirai, kuna tsammanin da ita aka haife ni. To akwai wata shekara a cikin shekarun da ke tsakanin fim da farar rigar nan, kuma a cikinta na kusa rasa uwarku tana raye, muna ci a tukunya ɗaya. Ita ba za ta ba ku labarin ba, na san halinta. Shi ya sa na zauna rubuta shi, ni da zama wuri ɗaya yake wa wuya tun ina yarinya.

Balkisa ce 'yata ta fari. Saura shekara guda in gama kolej na bar karatu na auri ubanta, mutumin Sabon Maci, da son raina, babu wanda ya tura ni. Auren bai yi ƙarko ba, ana yaye ta muka rabu. Inna, mahaifiyata, ta karɓe ta kamar yadda aka saba, ni kuma na yi abin da kowace mace mai kunya take yi wa ɗan fari a garinmu: ban ɗauke ta a gaban mutane ba, ban yi mata wasa ba, ban taɓa kiran sunanta ba. In zan yi maganarta sai in ce “ta Inna”. In ina son ta miƙo mini abu sai in ce “ke”. Ita kuma ta tashi tana ce mini Tanti, kamar wata ƙanwar uwa mai zuwa da tsaraba. Ba mugunta ba ce, haka Inna ta yi wa babban yayanmu, haka ita ma aka yi mata. Sai dai sauran mata suna yin kunyar ne suna gida ɗaya da ɗan, yana ganin wadda hankalinta ke tashi in ya yi zazzaɓi. Ni daga Maradi na yi tawa kunyar.

A Maradi na fara da wasan kwaikwayo na rediyo, daga baya aka fara ɗaukar mu a kaset. Allah ya ba ni murya, irin wadda in na yi magana a bakin kasuwa ake ji a ƙarshenta, don haka ban rasa aiki ba. Na fito mai tuwo-tuwo, na fito mahaukaciya, na fito uwa ban san iyaka ba. Wanda ya juya mini rayuwa wani ɗan gajeren fim ne da masu proje, wato ma'aikatan wani shirin taimako, suka sa aka yi, don a jawo hankalin mata su riƙa haihuwa a likita, wato asibiti. Aka sa mini farar riga, aka rataya mini abin sauraren ƙirji a wuya, aka ce ni ce sajfam, wato ungozomar likita. A ƙarshen fim ɗin nakan dubi mutane ido cikin ido in ce, “In naƙuda ta yi tsawo kada ku jira, ku kawo mini ita.” Masu proje suka ɗora injin wuta da farin ƙyalle a mota suka bi ƙauyukan garinmu Dakoro da shi, su Ɗan Gulbi, su Ajekoriya, har rugage da zangon Buzaye. Abin da bai faɗo musu a rai ba shi ne, a ƙasar nan babu mai dabba da bai san Baba ba. Dillali ne a kara, kasuwar dabbobi, kuma babu wanda bai gaya wa cewa 'yarsa ce a cikin kaset ba. Mutane suka ji 'yar Malam Isa dillali ta ce a kawo mata, sun kuwa san ƙofar gidan Malam Isa.

Wani direban garinmu ne ya same ni a Maradi da saƙo.

“Inna ta ce in hwaɗa maki, ki taho ki kwashe masu cikinki daga ƙohwar gida. Ta ce ita ba ta san sanda ta buɗe likita ba.”

Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce bari in je in ga abin da idona, in dawo in ba 'yan wasanmu labari. Ban ɗauki kaya da yawa ba.

Bayan na iso gida, ranar kasuwa da hantsi ina tsakar gida ina tsince wa Inna wake, aka yi sallama. Na fita na tarar da amalanken jaki a ƙofa, an kafa tabarma a kai don inuwa, a ƙarƙashinta wata yarinya kwance, leɓɓanta sun bushe sun tsage, ta daina ma nishi. Wata tsohuwa, uwar mijinta, ta sauko ta kama hannuna biyu. Daga bayan Ɗan Gulbi suka taso, sun wuce wata ƙaramar likita a hanya ba su tsaya ba.

“Ke ce Madam,” in ji ta. “Ga ta, mun kawo maki ita.”

Na ce, “Iya, ni ba likita ba ce. Wasa ne kunka gani.”

“Wane irin wasa? Na ga hannunki ya hiddo jariri, da idona wanga.”

Jaririn da ta gani ɗan maƙwabciyar mai ɗaukar hoto ne, an aro shi an shafa masa man ja. Babu lokacin yin wannan bayani. Na haye amalanken da zanen aikin gida, na karɓi sandar na kora jakin zuwa matanite ina yi wa mutane ihu su ba da hanya. Da muka isa yarinyar ta damƙe bakin zanena ta ƙi saki, dole aka shiga da ni. Sajfam ta gaskiya wata doguwar mata ce da gajiya ta cika mata ido. Tana aiki ta miƙo hannu ba ta dube ni ba, ta kira sunan wani abu da Faransanci. Ga ƙarafa jere a faranti, ban san ko ɗaya ba. Na tsaya kamar turmi, har ta ture ni ta ɗauka da kanta. Uwar ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Da za su koma, tsohuwar ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta sa mini albarka, sannan ta ce:

“Laihinmu ne, Madam. Da mun iske ki tun jiya.”

Daga ranar zama ya gagare ni. In na zauna in tashi, in na shiga ɗaki in fito, in kama tsintsiya in share inda aka riga aka share. Na ɗaure kayana in koma Maradi na kwance su, na sake ɗaurewa na sake kwancewa. Na koma wurin doguwar matar na tambaye ta yaya ake zama irinta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce makarantar lafiya ba ta karɓar kowa sai mai birebe, takardar gama kolej, wadda ni na gudu na bari. Daga nan ban biya gida ba, na wuce kolej wurin direkta, Musye Abdu, wanda ya san ni tun ina 'yar lekol, wato makarantar boko.

“Madam, doka ba ta bari in rubuta ki cikin 'yan aji, kin wuce shekarun,” in ji shi. “Amma bencin baya ba kowa. Ki zamna ki saurara, in lokacin birebe ya zo ki yi rajista da kanki kamar mai karatu daga gida.” Sai ya cire hularsa ya sosa kai. “Sai dai ajin ƙarshe guda gare mu bana. Kin kau san wa ke ciki.”

Na sani. Balkisa ce a ciki.

Gidanmu ya kwana biyu bai ga hayaniya irin ta yinin nan ba. Inna tana bakin murhu, Gwaggo Tsahara, ƙanwar Baba da ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta, tana kan tabarma tana kaɗi, Baba ya dawo daga kara yana wanke ƙafa.

Inna ta ce, “Ki jira baɗi mana. Shekara guda ce, ta hita, ki shiga. Mi ke korar ki?”

Gwaggo ta ajiye mazari. “Uwa da ɗiyar hwari aji guda, malami guda shina tambayar su? Ramatu, na daɗe ina hwaɗi, fim ya cinye maki kunya.”

Baba bai ɗago ba. Ya ce, “Ni dai a kara in na ga saniya tana kai da komo bakin shinge, ba ni ɓata igiya a kanta. Ku bar ta.”

Shawarar Inna ita ce ta hankali, ko a ranar na san haka. Amma na san kaina fiye da yadda Inna ta san ni. In na ce zan jira shekara, kafin watan gobe ina Maradi, an sa mini wata rigar ana tafa mini, maganar tsohuwar nan ta dushe, amalanke kuma ba za su daina zuwa ba. Duk wannan gardama ana yin ta ne Balkisa tana tsugune a gindin randa tana wanke kwanoni, ta ba mu baya. Babu wanda ya tambaye ta. Ni da ya kamata in tambaye ta ban san ta inda ake fara yi mata magana ba, ban taɓa yi ba.

Na ɗinka riga irin ta 'yan kolej, na sayi kaye da bik, littafin rubutu da biro ke nan, na tafi. Ranar farko tagogin ajin sun toshe da kawunan yaran sauran azuzuwa, sai da mai gadi ya zo da tsumagiya. Na wuce bencin baya na zauna, gwiwoyina suna dukan katako. Balkisa tana can gaba, ba ta waiwayo ba, abin da nake gani nata kawai ƙeya ce da ɗaurin kallabi. Ni tsiyar yara ba ta dame ni ba, na saba da idon mutane, da shi nake ci. Ita ce ba ta saba ba. Samarin ajin suka samo abin wasa: duk sanda malami ya kira Balkisa allo, sai wani daga tsakiya ya maƙale murya irin tawa ya ce, “Ku kawo mini ita!” Aji ya fashe. Ita kuwa tana tsaye a gaban allo da alli a hannu. Ina iya tashi in ja kunnen yaron har ya ga taurari, amma in na yi haka na tsaya wa 'yar fari a gaban mutane, gobe garin ya ɗauka. Sai in sunkuyar da kai in yi kamar ina rubutu.

Malamin Faransancinmu wani saurayi ne da aka turo daga Yamai, mai kirki, bai san al'adarmu ba. Don ya girmama ni, wata rana bayan ya gyara dikte, wato shifta, ya miƙo mini tarin kaye ya ce in kira sunaye in raba. Na tashi na yi ta kira da muryar nan tawa, kowa yana zuwa yana karɓa, har na zo kan wani mai bango shuɗi. Na ga sunan Balkisa. Bakina ya buɗe, babu abin da ya fito. Malamin yana jira, aji ya yi tsit, yaran duk sun gane, su 'yan gari ne. Sai na taka har bencin gaba na ajiye mata shi a gabanta na juyo. Wata yarinya ta fara ƙyalƙyalewa, saura suka bi. Malamin yana ta tambayar me ya faru, babu mai ba shi amsa.

Da azahar ɗin ranar ina bayan zana ina alwala na ji Balkisa a madafa tana yi wa Inna magana. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka ba, kuma ba kuka take yi ba, da kukan ne da ya fi mini sauƙi.

“Inna, kaset nawa na gani? Ta rungume ɗiyan mutane tana ce masu ɗiyata, tana kiran sunansu tana kuka, duk gari shina kallo. Yau ta kira sunan kowa har da ɗan mai gyaran keke. Nawa ne kaɗai ke maƙale mata a wuya. Na haƙura da wannan tun tuni. Lekol ce kaɗai wurin da ni ke ni, ba ɗiyar mai fim ba, shi ma ta biyo ni ta amshe. In ba ta bari ba ni zan bari, in tahi Sabon Maci wurin ubana.”

Ruwan butar ya ƙare a ƙasa ban sani ba. Na san gidan ubanta, babu 'ya mace da ta taɓa gama lekol a cikinsa. In ta tafi karatunta ya tafi, ita ma ta tafi, don ba ni da bakin da zan kira ta da shi ta dawo. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko a ɗakin haihuwar nan. Washegari ban je aji ba, na ninke rigar na sa a ƙasan akwati.

Kwanakin da na yi a gida Inna ta ce gara amalanke da ni. Na sake jeren kwanoninta, na kwance dangar awaki na sake ɗaurewa, na yi faɗa da mai tallan itace a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ana cikin haka sai ga mai shirya fim ɗinmu ya zo daga Maradi da motarsa, kamar an aika masa. Ya zauna a zaure ya sha ruwa, ya ce sun rubuta wani babban fim da ni a ransu, za a je har Kano a ɗauka.

“Ramatu, mi kike yi cikin yara da bik a hannu? Wurinki shina nan shina jiran ki. Amma ba ya jira har abada, akwai 'yan mata sabbi.”

Na ce ya ba ni zuwa la'asar. Wallahi na shiga ɗaki na fara ɗaure kaya. In na tafi kowa ya huta: yarinya ta samu ajinta, Gwaggo ta samu gaskiyarta, ni in koma inda na iya abin da nake yi. Ina cikin ɗaurin Inna ta ɗaga labule ta tsaya a bakin ƙofa.

“An ba ni saƙo in ba ki,” in ji ta. “Balkisa ta ce yanzu a lekol ana nuna ta ana cewa ga wadda ta kori uwarta daga aji. Ta ce wannan ya hi wancan ciwo. Ta ce ki koma. Amma ki bi hanyarki ta bi tata, kuma ko a mahwarki kada ki ƙara taɓa kayenta.”

Na fita zaure na ce wa mutumin ba ni zuwa. Ya kaɗa makullin motarsa ya ce kafin damina za a manta da ni, kuma bai yi ƙarya ba. Aka ba wata yarinya wurin, ta yi suna. Da aka tambaye shi ina Ramatu sai ya ce ta koma gida ta tuba, don hakan ya fi masa sauƙin faɗa a kan cewa ta zaɓi bencin yara ta bar shi. Daga bakinsa maganar nan ta fito, ga shi har yau tana bin ni wurin suna.

Haka muka ƙarasa shekarar. Ita ta bi ta bakin kasuwa, ni in zagaya ta bayan masallaci. A gida Inna ce wayarmu: “ki ce ma ta Inna ta rage gishiri”, “ki ce ma Tanti an ɗage jarrabawar gobe”. Faransanci da tarihi ban sha wuyarsu ba, wanda ya saba haddace wasa ba ya tsoron hadda. Lissafi ne ya tsaya mini a wuya. In kwafo daga allo in zo gida in yi ta juyawa, amsa ta ƙi fita, in yaga takarda in sake. Ga wadda ta fi kowa lissafi a ajin tana tsallaken tabarmata da tulu a kai, ba ni iya cewa ke zo ki nuna mini. Amalanke kuwa ba su daina zuwa ba, sai dai Inna ta samo dabara. Da ta ji sallama sai ta leƙa ta ce, “Madam tana matanite tana jiran ku, ku yi sauri.” Ta ce in ƙarya ce Allah ya san dalilinta.

Muka yi jarrabawa a farkon damina. Ranar faɗin sakamako, da la'asar, filin kolej ya cika har kan katanga. Ba iyayen yara kaɗai ba, har masu shayi da 'yan kara da matan da ba su da kowa a lekol, duk sun zo su ji ko mai fim ta ci. Gwaggo Tsahara ma ta yafa mayafi ta zo, wai ita rakiyar Inna ta yi. Shugaban masu gyaran jarrabawa ya hau tebur da wata 'yar lasifika mai shaƙewa, ya fara kiran waɗanda suka ci bi da bi, daga masu harafin farko. Duk wanda aka kira sai ihu da guɗa su tashi a inda danginsa suke. Ni ina tsaye a tsakiyar fili, mutane sun zagaye ni suna kallon fuskata. Na duba ko'ina ban ga Balkisa ba. Can na hango kallabinta a wajen katanga, nesa, gindin wata bishiyar dogon yaro. Taron nan da ya zo domina ne ya hana ta shigowa jin sakamakonta.

Aka kira ta. Na ji sunan sarai, da na ubanta a haɗe. Inna ta yi guɗa, amma muryar tsohuwa ba ta wuce mutum biyar ba, lasifikar kuma ba ta kai katanga. Mutumin ya wuce suna na gaba, da na gaba. Na ga Balkisa ta daɗe tana miƙa wuya, sannan kafaɗunta suka sauka, ta juya ta kama hanya. Ta ɗauka an wuce harafinta babu ita. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na cika ƙirji na saki muryar da nake cika dandali da ita ba lasifika.

“Balkisa! Balkisa, kin ci!”

Filin ya yi tsit, har mai karatun ya sauke takardarsa. Na ga Gwaggo ta kama baki. Can nesa yarinyar ta tsaya cak, ba ta waiwayo ba. Ta ɗan jima a haka, sannan ta tattare zanenta ta ruga gida da gudu. Ni kuwa sunan yana mini wani iri a baki, kamar na ɗanɗani abincin da na daɗe ina dafa wa wasu.

Aka ci gaba da kira. Aka zo harafina, aka kira wata Rabi, aka kira wata Rakiya, aka wuce. Na jira har ƙarshe ko an yi kuskure, babu kuskure. Mutanen da suka zagaye ni suka fara zamewa ɗaya ɗaya suna kallon ƙasa, wasu samari suna dariya a bayan hannu. Na gyara mayafina na ratsa su na fita da kaina a sama, wannan kam na iya shi, aikina ne. Sai da na kai bayan masallaci na zauna a kan wani dutse na yi kukan da ba na wasa ba.

A gida Gwaggo ba ta ma tsaya kan faɗuwar ba.

“Gaban gari duka! Kin kira sunan ɗiyar hwari kamar mai tallar goro. Kin bar fim, kin rasa takarda, kin zubar da 'yar kunyar da ta rage. Mi kika samu?”

Na wuce ta na shiga ɗaki. Balkisa ba ta ce mini komai ba, ranar ko bayanta. Duk daminar nan muna noman gonar Baba kunya da kunya, muna cire ciyawa a wake, ba ta ɗago ta dube ni ba. Ban sani ba ko kiran nan ya gyara wani abu ko ya ƙarasa ɓata shi, kuma rashin sanin ya fi faɗuwar ci mini rai. Na dai je na gaya wa Musye Abdu ya ajiye mini bencina, zan dawo in zauna da ƙannen ƙawayenta.

A lokacin babu lise, makarantar gaba da kolej, sai a Maradi. Ranar tafiyarta, da safe, Inna da Baba suka raka ta tasha. Uwa ba ta raka 'yar fari, amma ni na riga na ɓata, sai na ɗauki ƙullin garin kunu da Inna ta yi mata na bi su a baya. Ta shiga mota ta samu wurin taga. Baba ya yi mata addu'a, Inna ta yi ta jaddada mata ta riƙa cin abinci. Na miƙa ƙullin ta taga, ta karɓa ta ɗora a cinya tana kallon kujerar gabanta. Direba ya tayar da mota. Na ja da baya ke nan na ji ta ce:

“Tanti.”

Na matso.

“Ki bar zama baya. Kuma ki tahi likita a duba maki ido kahin a koma. Ba lissahi ne ba ki iya ba, allon ne ba ki gani. Kina matse ido kamar mai tsintar tsakuwa a gero.”

Na ce, “Ke da ke gaba, ya aka yi kika sani?”

Har yanzu ba ta dube ni ba. Ta gyara ƙullin a cinyarta.

“Duk sanda Musye ya juya shina rubutu, ke ce ni ke kallo.”

Motar ta ja. Na tsaya a wurin da hannuna a sake. Gaskiyarta ce kuwa, motar ba ta yi wani nisa ba ta zame mini dishi-dishi, ban bambance taga da ƙofa. Inna da tsufanta ita ce ta zungure ni da gwiwar hannu.

“Ga hannu can ta hiddo. Ɗaga mata mana, ke take ɗaga ma.”

Ban ga komai ba. Na ɗaga hannuna sama, na bar shi a can har sai da Inna ta ce sun sha kwana.